Hajiya Tsinke ta tafi Sin, ba ta wuce Mararraba ba

Baiwata, 'Yar Fillo, Hajiya Tsinke ta Tudun Ƙofa, ina gaisuwa. A ƙa'ida ke ya kamata ki ɗauko ƙwaryar nono ki shiga motar Lafiya, ki zo ki durƙusa ki gaishe ni. Amma tunda an ce kwana biyun nan ba kya iya jingina da kujera, na yafe miki na wannan makon.

Hoton ya iso. Kada ki wahalar da kanki wajen neman wadda ta turo, 'yar cikin gidanku ce, kuma na riga na biya ta da turaren wuta. Da na buɗe wayar, wallahi na ɗauka tandar waina ce aka jingine a bango. Har na fara ƙirga gurabe: shida a dama, shida a hagu, kowanne ya yi jawur ya doshi baƙi. Sai da na ga ƙasusuwan kafaɗa sun miƙe kamar ƙahon bijimi na ce a'a, wannan bayan na san shi. Duk faɗin jihar Nasarawa babu mai irinsa sai baiwata.

Wai maganin Caina kika je yi.

Na kuma san abin da ya tayar da ke tsaye. Tun ranar da Alhaji ya kira mai fenti ya ce a shafe ɗakin nan na kusa da ƙofa kika daina barci. Ya rantse miki buhunan masara zai zuba a ciki. Ni dai ban taɓa ganin masarar da ake saka wa labule da fanka ba, amma ba ruwana, ba za a ji mutuwar sarki a bakina ba.

Ban ga laifinki sosai ba, yawo a jininku yake. Kakanku Abdu Zanga daga 'Yantumaki ta ƙasar Katsina ya biyo shanu, ya ga ciyawa ta yi masa, ya kafa kafi wajen 1802, shi ke nan aka sami Keffi. Lokacin kakanmu Dunama ya riga ya zauna daram a Lafiyar Barebari. Kuka yi ta kai gaisuwa Zariya shekara da shekaru. Na sani, za ki ce mu ma Bauchi muke kaiwa. Wannan wata magana ce, ba yau za a yi ta ba. Da aka ƙirƙiro jiha a 1996, aka duba wa ya san zaman gari, aka ba mu hedikwata. Ku kuma aka share muku hawaye da jami'a a 2001. To, jami'ar nan ita ta jawo miki.

Mu fara daga kai, tunda daga can ɓarnar ta faro. Shekara ashirin Inna mai kitso tana riƙe da kanki. Tabarma a gindin mangwaro, ta matse kan tsakanin gwiwoyinta, tsinke a hannu, man shanu a murfin kwano, kafin la'asar ta zuba miki shuku ko zane, ta haɗa miki da labarin unguwa kaf kyauta: wa aka saka, wa ta yi yaji, wa ya ci bashi. Ba ki taɓa tashi daga gabanta da ciwon kai ba. Rana ɗaya kika wayi gari kika ce hannun Inna ya tsufa. Kika hau keke sai Unguwar Lambu, inda shagunan gyaran gashi suka jeru saboda 'yan matan jami'a, kowane da hoton wata Ba'amurkiya a jikin allo.

An ba ni labarin yadda kika yi zaɓen, kuma ya kamata a koyar da shi a makaranta. Shago na farko kika leƙa, babu na'urar sanyi, kika juya. Na biyu madubinsa bai kai bango ba. Na uku komai ya yi, har kin ajiye jaka, sai yarinyar ta ce, "Sannu da zuwa, Mama." Kika suri jakarki kamar an zage ki. A na huɗu aka ce, "Anti, bismillah." Kika zauna. Ke nan da kalma ɗaya aka saye ki, kamar yadda ake sayen 'yan uwanki da gishiri da kanwa.

Kin dubi madubi, kin dubi fitilar nan mai zagaye ta ɗaukar hoto. Ba ki dubi matajin ba, da gashin mutum uku a haƙoransa. Ba ki shinshina tawul ɗin ba. Ba ki tambayi allurar da ake ɗinka gashi da ita kan wa ta fito ba kafin ta hau naki. Yara biyu suka kama kan, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, suna ja suna kallon fim a waya. Da kika fito, girarki ta koma tsakiyar goshi, idanunki sun ƙi rufuwa, kowa ya gaishe ki sai ya ga kamar labarin mutuwa ya ba ki. Kwana uku kina barci a zaune. Da Alhaji ya tambaya ko lafiya, kika ce kitson zamani ne, shi kuma ya ce Allah Ya sawwaƙe.

Nan kam bari in sauke murya, don abin ya taɓa ni. Abu ɗaya ne Allah Ya ba ku Ya hana mu, shi ne gashi. Ni nawa ko an jiƙa shi an ja bai kai kunne ba, kin sha yi min gori. 'Yan ƙurajen nan da suka fito miki a bakin goshi, saiwar gashi ce take kuka. In aka yi ta ja wata bayan wata, saiwar mutuwa take yi, wurin ya yi sumul, kuma in ya yi tabo babu man da zai tsiro da shi, ko daga Sin aka kawo ko daga Misira. Dubi goshin matan da suka shekara goma suna wannan kitson, ɗankwalinsu kullum ƙara saukowa yake. Garin neman gira za ki rasa ido. In kitso ya hana ki yin dariya, a tsefe shi a ranar, kuɗin ya bi ruwa.

Sai lalle. Na kakanninmu ganye ne, a daka, a kwaɓa, a zura hannu a zunguru a kwana, ya kama ja ko ya yi duhu. Wannan baƙin da yake kamawa cikin rabin awa rinin gashi ne ake haɗawa, akwai sinadarin da ake kira PPD a cikinsa, kuma ba kowace fata ke ɗaukarsa ba. Mai hankali takan sa a ɗiga mata kaɗan a cikin dantse, ta jira kwana biyu ta ga ko zai tashi. Ke kika miƙa hannu biyu da ƙafa biyu. Mako guda kina susa, fulawar da aka zana miki ta kumbura ta fito ɓaro-ɓaro, har makaho zai iya shafawa ya faɗi irin zanen.

Wuri ɗaya na yaba miki. Da mai shagon ta jawo wata roba marar suna daga ƙarƙashin tebur ta ce haɗin amarya ne, kwana bakwai ki zama Balarabiya, ba ki saya ba. Na so in ce hankali ne, amma da na ji kuɗin na gane rowa ce ta cece ki. Ke da Allah Ya yi ki fara tas, me kike nema, ki zama gilashi? Da kin dubi hannun mai tallar ma ya ishe ki: fuska ta tafi Jidda, gaɓoɓin yatsu suna nan Keffi ba su sami biza ba. A 2023 hukumar NAFDAC sai da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan shafe-shafen nan. Wasu akwai sinadarin makuri a ciki, mai cin ƙoda a hankali. Wasu maganin kumburi ne mai ƙarfi da likita ke rubutawa na 'yan kwanaki, su kuma su kwaɓa shi a mai a yi ta shafawa shekara. Fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, ranar da aka zo ɗinki a asibiti zare ya ƙi zama. Robar da babu suna, babu lamba, babu ranar lalacewa, ko 'yar uwarki ce ta haɗa, bar mata kayanta.

Maganar allura da reza kuwa ba wasa a ciki, ko da yake daga bakina ta fito. Jiharmu tana cikin waɗanda ciwon hanta nau'in B da C ya yi wa katutu, shi ya sa a 2020 gwamnatin Abdullahi Sule ta ɗaura ɗamarar yaƙi da nau'in C. Ta jini yake bi, kuma ƙwayar nau'in B tana iya yin mako guda a raye a jikin ƙarfen da jini ya bushe a kai. Reza, allurar ɗinkin gashi, abin yanke farce, duk hanya ce. Ki sayi naki ki zuba a 'yar jaka, ki riƙa tafiya da su. Na san sayen abu yana yi miki ciwo, amma duka ba su kai kuɗin ƙwarya biyu ta nono ba. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a cikin garinku, ki je a gwada ki, in babu a yi miki rigakafin nau'in B, allura uku ce. Tunda yanzu kin zama gwanar allura, uku ai wasa ne.

Da tun farko kin zo wurin iyayen gijinki, da duk haka ba ta faru ba. Gyaran jiki namu ne. Dilka, halawar sukari da lemon tsami, turaren tsuguno, humrar da in mace ta wuce sai an yi kwana biyu ana tambayar wa ya zo. Daga Barno muka taho da su, ko da yake in za a bi gaskiya mu ma Shuwa da mutanen Cadi da Sudan sun ƙara mana. Ku me kuka kawo? Man shanu. Amarya ta shigo ɗaki, ƙudaje su yi mata rakiya.

To, a lungun shagon nan na huɗu ne aka ce akwai wani saurayi mai kwamfuta, wai na'urar Caina ce mai ganin cikin mutum. Ya tambayi shekarunki, kika rage bakwai. Ya tambayi tsayi da nauyi, ya rubuta. Ya miƙo miki wani ƙarfe kamar mariƙin tocila ya ce ki damƙe. Minti ɗaya, na'ura ta yi 'yan ƙyafte-ƙyafte, sai ga sakamako shafi a kan shafi: hanta ta gaji, ƙoda ta yi rauni, jini ya yi kauri, ƙashi ya fara zaizayewa. Har da ciwon nan na mafitsara da dattawan maza kaɗai ke yi, saboda yaron ya manta bai sauya daga namiji zuwa mace ba. Kika dafe ƙirji kika ce dama kina jin alamunsa.

Tsinke, abin da bai ɗebi jininki ba, bai ɗebi fitsarinki ba, bai haska cikinki ba, ta ina ya ga hantar? Abin da kika faɗa masa da bakinki shi ya juya ya maido miki, kuma ko a nan ƙarya kika ba shi. Ki lura, duk wanda ya damƙi ƙarfen nan ba ya tashi lafiya, kuma maganin kowace cuta yana nan a cikin jakar mai na'urar. Haka robar da ya sa kika tsoma ƙafa, ruwan ya koma ja kamar na kogin Antau da damina, ya ce dattin jikinki ne yake fita. Ƙarfe ne a cikin ruwan gishiri aka jona masa lantarki, tsatsa yake yi. Ki ce ya kunna babu ƙafar kowa a ciki, ki ga ko ruwan zai fasa yin ja. Wannan ko a tsofaffin littattafan Sinawa babu shi, sunansu kawai aka ara.

Shi ya tura ki wurin maigidansa. Kika shaida wa mutanen gida za ki Abuja ganin likitan Sin. Direban da ya kai ki ɗan unguwarmu ne, ya ce bayan kun ci awa biyu a cunkoso, a Mararraba kika sauka, bene na biyu, saman mai sayar da taya. Ko gadar shiga Nyanya ba ki gani ba. Likitan Sin ɗin kuma, da ya ɗago kai ya ce "Hajiya, an zo lafiya?" sai ga Hausar Masaka tsantsa. A duk ɗakin, kalandar bango ce kaɗai ta taɓa zuwa Sin, sai wani ɗan mutum-mutumin roba mai ɗigo-ɗigo a jiki.

Zamansa ɗan ƙasa ba aibu ba ne. Akwai 'yan Nijeriya da suka je can suka koya da gaske, kuma a Sin karatun likitancin gargajiya digiri ne na shekara 5 a jami'a, da koyon sassan jiki da zaman asibiti. Tambayar da za ki yi ita ce a ina ya koya, shekara nawa, ina takardar. Amma fulako ya hana ki. Ke da za ki yi awa guda kina ciniki a kan tumatir na naira 200, an zo wurin wanda zai soka miki ƙarfe a jiki kin sunkuyar da kai kina wasa da bakin gyale.

Ya kama wuyan hannunki ya saurara, ya ce ki fito da harshe, ya duba, ya girgiza kai. Ya ce a ilimin Sinawa akwai wani ƙarfi da ke zagaya jiki ta hanyoyi 12, sunansa ci, kuma naki cin ne ya toshe. Nan na tashi na ba shi lambar yabo. Tun muna 'yan mata nake faɗa: matsalarki ci ce. Ba kya ci. Loma uku ki ce alhamdu lillahi, ki kora da nono. Abin da na shekara talatin ina faɗa miki kyauta, sai da kika biya naira 25,000 kika yarda.

Aka ce ki kwanta rub da ciki. Allurar siririya ce kamar gashin wutsiyar doki, ba ta kai rabin ta asibiti ba, ba a kuma zuba komai ta cikinta. Ta farko ko taɓa ki ba ta yi ba, audugar goge wurin ce ta sauka, kika kurma ihun da ya sa mai taya ya hauro da gudu. Haba 'Yar Fillo! A garinku ne fa Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni a 1902, ya hau doki ya nufi Kano, Sarki Alu ya tarbe shi, abin da Turawa suka riƙe cikin hujjojinsu na cin Kano a 1903. Har yau dutsen da aka binne Baturen yana nan yana kallon gari. Jikar waɗannan mazaje ce take kiran Inna saboda auduga. Allura 14 aka kafa miki, kika kwanta kamar bushiya, tsinke a jikin Tsinke, ba a san wa ya soki wa ba.

Na san amsarki tun kafin ki buɗe baki. Za ki ce mu da aka tsattsaga wa fuska tun muna kwana bakwai, har muna da bakin yi wa wani dariyar allura? Na karɓa. Amma mu ba mu biya ba, kuma ba mu ce Abuja za mu ba.

Ita kanta sukar allurar ban raina ta ba. Tana cikin littafinsu Huangdi Neijing da ya haura shekara 2,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da gurabe 361 a jiki da sunayensu, UNESCO kuma ta saka ta cikin kayan gadon ɗan Adam a 2010. Amurkawa sun rungume ta ne bayan 1971, lokacin da aka yi wa wani ɗan jaridar New York Times, James Reston, aikin cire 'yar hanji a Beijin, aka soka masa allurai don rage zafin bayan aiki, ya rubuta labarin a jarida. Da masu bincike suka yi ta gwadawa, abin da suka samu shi ne tana ɗan sauƙaƙa wa wasu ciwon baya, da gwiwa, da ciwon kai mai dawowa. Sun kuma ga ko an soka a gurbin da ba shi ba, sau da yawa sauƙin kusan ɗaya ne. Ba ta sauke hawan jini ta sallame shi, ba ta korar ciwon suga, ba ta kuma hana a saka labule a ɗakin masara. Haɗarinta biyu ne: allurar da aka soka wa wani, da hannun da bai san zurfi ba. In aka zurfafa a ƙirji ko a saman baya, ana iya huda huhu, kuma sirara sun fi shiga wannan haɗarin. Ke kuwa tsakanin fatarki da huhunki babu ko tsokar da za a yi wa yaro miya. An ce dai a gabanki ya yage sabuwar leda ya fito da allurai, ya kuma zubar da su bayan an gama. Wannan ya kyauta.

Kin ce bayan ya yi sauƙi. Na yarda. Amma ki tuna min, yaushe rabonki da ki kwanta minti 30 a ɗaki mai sanyi, babu yaron da ke cewa Mama gishiri ya ƙare?

Yanzu ga tandar waina. Da aka zare allurai sai ya kawo kofunan gilashi, ya kunna auduga ya zura a ciki ya fitar, ya kifa a bayanki. Iskar ciki ta huce, kofi ya tsotsi fata. Kika dawo gida kina ba da labari kamar kin ga watan Sallah. Baiwar Allah, ƙaho ne! Shi ne dai wanda wanzamin gidanku yake zuwa da shi a zabira, ya kafa wa Baffa a ƙeya da kafaɗa, ya zuƙa da baki ya toshe, ya cire ya tsaga ya mayar. Ƙahon ma na shanunku ne. Sinawan da kansu da ƙahon dabba suka fara kafin su koma gora da gilashi. Ranar da wanzami ya zo kika ce ƙauyanci ne, kika shige ɗaki kika rufe ƙofa. Da aka sauya masa riga aka ce daga Caina yake, kika tuɓe da kanki. Jan da kike nuna wa mutane kina cewa guba ce ta fito, ƙananan jijiyoyin jini ne suka fashe a ƙarƙashin fata, mako ɗaya ko biyu zai baje. A gasar Olamfik ta Riyo a 2016 duniya ta ga irin wannan tabo a kafaɗar Michael Phelps, Ba'amurken nan mai ninƙaya. Shi ya koma gida da zinare 5. Ke kika koma da tanda.

Amma abin da ya sa na ajiye waya na yi dariya har da hawaye shi ne ledar da kika sauko da ita daga benen. Shayin rage ƙiba. Ke! Me za a rage? In aka rage wani abu a jikinki sai dai a ɗauki gyalen a kai wa Alhaji a ce ga abin da ya saura. Na san za ki ce ki aiko min da shi, ni Randa da ba na wucewa ta ƙofar keke sai an tura. Na gode. Ƙodata biyu ce kuma ina son su duka. A farkon shekarun 1990, a wani asibitin rage ƙiba a Burussel ta Beljiyam, an yi kuskuren musanya wani ganyen Sin da wani mai kama da shi a suna, mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa sai wankin ƙoda ko dashe. Ganye ne, na gargajiya ne, kuma a Turai aka yi, inda ake da masu duba kaya. Balle kwalin da duk rubutun jikinsa ba ki iya karanta ko harafi ɗaya ba, babu lambar NAFDAC, kika ce ai hoton matar da ke jiki ya isa shaida.

Sai wani baƙin abu kamar alewa da ya ce yana ƙara jini yana gyara fata, matan sarakunan Sin ke sha. Na sa a karanto min sunan: ejiao. Kin san da me ake yin sa? Fatar jaki ake dafawa har ta zama danƙo. Saboda shi jakuna suka yi tsada daga Maigatari har Maraɗi, Nijar ta hana fitar da su a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta haramta yanka su don fata a watan Fabrairun 2024. Wato jakin da ya ɓace wa kawunki a ruga, ya tafi Sin, ya yi karatu, ya dawo a kwali, kin saye shi kin sha da ruwan ɗumi. Abin nema ya samu. In kin ji kin fara tsayawa a tsakiyar hanya kina ƙin tafiya, kada ki je asibiti, mun san dalili.

Kada ki ce na tsani kayan Sinawa. Ni ma ina da nawa abin kunyar: takalmin nan mai ƙuraje da aka ce yana danna gurabun tafin ƙafa ya warkar da gwiwa. Yini ɗaya na saka, na yi tafiya kamar mai taka garwashi, yanzu da shi nake jifan awaki. Kuma akwai maganin Sin da ni da ke da 'ya'yanmu muka sha ba sau ɗaya ba, muka tashi. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, irin su Coartem, huɗu da safe huɗu da dare kwana uku. Asalinta wani ganye ne da suke kira cinhawo, ɗan uwan tazargaden da ake dafa wa mai jego. Wata mata, Tu Youyou, aka ba aikin a ƙarƙashin wani shirin gwamnati da aka fara a 1967. Ita da abokan aikinta suka tattara haɗe-haɗen gargajiya fiye da 2,000, suka yi ta gwadawa suna zubarwa. Ganyen ya yi ta ba su kunya, har ta koma wani littafi na ƙarni na 4 ta ga an ce a jiƙa shi a matse, ba a ce a tafasa ba. Ta gane zafi ne ke kashe ƙarfinsa. Gwaji na 191 ya yi aiki a 1971, ta fara sha da kanta kafin a ba marasa lafiya, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Matar nan ba ta da digirin dakta, ba ta yi karatu a Turai ba. Ta ɗauki na kakanninta ta tankaɗe, ta zubar da dusa, ta riƙe gari. Ke kuma kika bar na kakanninki gaba ɗaya, kika je saman mai taya kika sayo dusar wasu.

An ce Inna mai kitso ta ji labari, ba ta ce komai ba, sai dai ta sa an wanke tabarmar an shanya. Ki je ki ba ta haƙuri da goro, ta tsefe miki wannan azabar a hankali.

Sauran gyaran kuma nawa ne. Ranar Asabar ki shigo mota, ki biyo ta Garaku da Akwanga. Titin nan mai hannu biyu kamfanin China Harbour ne ya gina shi, kuma shi ne maganin Caina ɗaya da na shaida yana rage ciwon baya. Kuɗin ƙofa Alhaji zai biya, ki ce masa cikin kuɗin masara zai cire. Zan kwaɓa miki dilka da hannuna, in yi miki turare, in ɗura miki tuwon shinkafa da miyar agushi har cin naki ya buɗe. Ki taho da tawul ɗinki, da nono mai kyau wanda ba a yi wa haɗin ruwa irin naku ba. Kuma ki yafo gyale mai kauri, don yaran unguwarmu sun riga sun ga hoton, tun jiya suke tambaya yaushe za su kawo ƙullu.